Shayi, Sha'iriyya da Miyar da Babu Nama a Khartum da Omdurman

A cikin girke-girken ƙasar Japan akwai wani romo da ke haɗa abubuwa uku a kwano ɗaya, wato taliya, da koren ganyen shayi, da ruwan miya wanda ba a sa masa nama ko kifi ba. Duk abubuwan nan uku suna nan a biranen da suka kewaye mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu, wato Khartum da Omdurman da Bahri, domin da wuya a sami gidan da ba a dafa shayi safe da yamma, ko bikin auren da ba a kai taliya mai sukari ba, ko unguwar talakawa da ba ta san wuni da kwana a kan abincin da babu nama ba. Sai dai kowanne ta hanyarsa ya shigo, a zamani daban kuma a hannun mutane daban, kuma al'adar wurin ba ta taɓa haɗa su a tukunya ɗaya ba. Bin sawun waɗannan hanyoyi yana nuna yadda biranen da suka tashi a kan dawa suka wayi gari cimarsu ta yau da kullum tana rataye a kan jirgin ruwa da kuɗin ƙasashen waje da kuma wahalar mata.

Na Japan ɗin ya fi sauƙin bayani, domin tushensa ɗaya ne, wato gidajen ibada na addinin Buddha. A shekarar 675 Sarki Tenmu ya kafa dokar hana cin naman shanu da dawaki da karnuka da birai da kaji a watannin noma, kuma irin wannan hani ya yi ta maimaituwa cikin ƙarnuka masu yawa, har sai da Sarki Meiji ya ci naman sa a 1872 sannan aka ɗauka an rufe babin a hukumance. A cikin wannan dogon zamani ne malaman ɗariƙar Zen suka raya girkin da ake kira shojin ryori, wato girkin masu kamun kai, wanda ba a sa wani abu mai rai a cikinsa. Ɗaya daga cikinsu mai suna Eisai ya dawo daga ƙasar Sin da irin shayi a 1191, ya rubuta littafi a kan amfaninsa ga lafiya a 1211, sannan Dogen ya rubuta littafin umarni ga mai dafa abincin gidan ibada a 1237, ta yadda shayi da girki marar nama suka girma a ƙarƙashin rufi ɗaya. Ruwan miyar da ake kira dashi, wanda a gidajen jama'a da busasshen kifi ake yin sa, a gidan ibada ana samun sa ne ta jiƙa wata ciyawar teku mai suna kombu tare da busasshen shitake, wani nau'in tsiron nan mai kama da laima da Hausawa ke kira naman kaza. Daga kombun nan ne masanin kimiyya Kikunae Ikeda ya fitar da sinadarin da ke ba miya ɗanɗanon nama a 1908, wanda aka fara sayarwa da sunan Ajinomoto a 1909, kuma shi ne abin da ake kira farin magi a kasuwannin Kano da Maraɗi.

Shayin yana shiga ta hanya biyu. Ko dai a niƙa ganyen ya zama gari mai laushi a kwaɓa shi cikin garin taliyar soba har ta fito koriya, aikin da garin Uji na kusa da Kyoto ya yi suna a kansa, ko kuma a jiƙa ganyen a zuba ruwansa a cikin romon, kamar yadda ake zuba shi a kan shinkafa a abincin da suke kira ocazuke. A duk hanyoyin biyu sharaɗi ɗaya ne: ba a sa sukari, ba a kuma tafasa ganyen. Ana turara shi ne da zarar an tsinko shi domin kada ya yi baƙi, kuma ruwan da ya dace da shi bai wuce ma'aunin zafi 70 zuwa 80 ba, domin tafasasshen ruwa yana fito da ɗacinsa ya danne sauran ɗanɗanon. Wannan sharaɗi kaɗai ya isa ya raba shi da shayin bakin Nilu, wanda aka gina a kan tafasa da sukari.

Khartum ta fara ne a matsayin sansanin sojojin Muhammad Ali na Masar bayan mamayar 1820 zuwa 1821, ta zama hedkwatar mulkin da mutanen Sudan ke kira Turkiyya, har mayaƙan Mahadi suka ci ta a ranar 26 ga Janairu, 1885, sannan magajinsa Khalifa Abdullahi ya mayar da Omdurman babban birni, ya tara ƙabilun gabas da yamma a cikinta. Abincin waɗannan jama'a dawa ce da gero, ko dai a matsayin asida, wato tuwo, ko a matsayin kisra, wani siririn waina mai tsami da ake shimfiɗawa a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi, ana ci da mulah, wato miya, wadda ginshiƙinta busasshiyar kuɓewa ce da suke kira weka, da busasshen nama da suke kira sharmut ga mai hali. Abin shan baƙo kuwa gahawa ce ta Habasha, wadda ake soyawa a daka da citta a dafa a jabana, wata 'yar tukunyar yumɓu mai dogon wuya. Alkama abincin mutanen arewa ce, irin su yankin Dongola, da na baƙin da suka zo daga Masar, shayi kuma kayan marmari ne na manyan ma'aikata da attajirai.

Abin da ya sauko da shayi zuwa hannun talaka shi ne layin dogo da tashar jirgin ruwa da albashi. Bayan yaƙin Karari na ranar 2 ga Satumba, 1898, wanda ya kawo ƙarshen mulkin Khalifa, da kafa mulkin haɗin gwiwa na Ingila da Masar a 1899, layin dogo ya iso Bahri a ƙarshen wannan shekara, aka haɗa Atbara da Bahar Maliya a 1906, aka buɗe tashar Port Sudan a 1909, layin kuma ya kai El Obeid ta Kordofan a 1912. Ganyen da Turawan Ingila ke nomawa a Indiya da Silan ya samu hanya miƙaƙƙiya, ta hannun manyan kamfanonin shigo da kaya irin su Gellatly Hankey, da ƙananan kantunan Girkawa da Siriyawa da Indiyawa da suka bazu har ƙauyuka. Da aka kammala madatsar Sennar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Gezira, dubban mutane, ciki har da Hausawa da Fulani da Barebari masu tafiya Hajji a ƙasa, suka fara karɓar kuɗi a hannu, kuma shayi da sukari da yadi suna cikin abubuwan farko da kuɗin ya saya. Gwamnatin mulkin mallaka ta gane haka da wuri, domin bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta riƙe cinikin shigo da sukari a hannunta ita kaɗai, ribar kuma ta zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin kuɗin shigarta. Ke nan kowane kofin shayi haraji ne da ake biya ba tare da an ga mai karɓa ba, wanda ya sa farashin sukari ya zama maganar siyasa a Sudan tun kafin samun 'yanci a ranar 1 ga Janairu, 1956. Masana'antun sukari na cikin gida, daga Guneid a 1962 zuwa Kenana da ta fara aiki a 1980, an gina su ne domin cike wannan gurbi.

Mai karatu na ƙasar Hausa, musamman na Nijar, zai tambayi dalilin da ya sa shayin Khartum ja ne alhali na Agadez da Damagaram da Maraɗi kore ne. Amsar tana cikin hanyar fatauci. Koren shayin Sin ya shiga Afirka ta yamma ne ta tashoshin Maroko, ya yawaita a tsakiyar ƙarni na 19, sannan ayarin raƙuma da Buzaye da Larabawan Sahara suka gangaro da shi kudu tare da 'yar butarsa da ƙananan kofunansa da al'adar dafawa sau uku, har ya zama abin zaman fada na samarin Nijar a yau. Kwarin Nilu kuwa ƙofarsa Bahar Maliya ce, kuma masu riƙe da ƙofar baƙin shayi, wanda ruwansa ja ne, suke nomawa. Da Kenya ta fara noman shayi na kasuwa a 1924, aka kuma mayar da kasuwar gwanjonsa Mombasa a 1969, sai ta gaje Indiya da Silan a kasuwar Sudan, har Sudan ta shiga sahun manyan masu sayen shayin Kenya, kuma sunan da ya fi shiga gidaje shi ne Al Gazaltain na kamfanin Cofftea. An gwada noman shayi a Talanga da ke duwatsun Imatong a kudu, amma yaƙin basasa ya kashe aikin. Abin lura shi ne, ko a Sahara inda ganyen kore ne, ana tafasa shi ne a cika masa sukari, don haka launin ganye bai kusantar da su ga Japan ba.

Kafin shayi ya zama sana'ar birni ya riga ya zama abin ƙa'ida a karkara. A cikin Larabawa makiyayan shanu na Kordofan da Darfur, waɗanda ake kira Baggara, an samu ƙungiyoyin masu shan shayi da ake kira Baramka, masu shugabanni da alƙalai da dokokin zama, inda ake cin tarar wanda ya sha da gaggawa ko ya yi magana marar ladabi ko ya wulaƙanta kayan shayi, ake kuma waƙoƙin yabon shayi da karamci, wanda ya saɓa wa ladubban kuma a jefa shi cikin waɗanda suke kira Kamakla. Masanin al'umma Ian Cunnison, wanda ya zauna cikin Misseriya a farkon shekarun 1950, ya bayyana su a littafinsa na 1966. A Omdurman kuwa wurin shayi da gahawa na bainar jama'a na maza ne, wato gidajen gahawa na cikin babbar kasuwa irin na Yusuf al-Faki da na Jorj Mishriki, inda mawaƙa da 'yan kasuwa da 'yan boko suke haɗuwa, yayin da a cikin gida mata ke dafa shayi da madara da sassafe da kuma bayan magariba.

Sauyin da ya fi kowanne girma ya zo ne a shekarun 1980, kuma masifa ce ta kawo shi. A 1983 yaƙin basasa ya sake ɓarkewa a kudu, a watan Satumba na shekarar Shugaba Ja'afar Numairi ya ayyana dokokin shari'a da suka haramta giya, sannan fari da yunwar 1984 zuwa 1985 suka kashe dabbobin Kordofan da Darfur, suka koro jama'a zuwa yammacin Omdurman, inda suka yi sansani a wurare irin su Muwailih da Abu Zaid. Da yawa daga cikin gidajen nan mata ne ke riƙe da su, domin mazan sun mutu ko sun tafi neman aiki ko suna fagen yaƙi, kuma matan ba su da takardar makaranta, ba su da jari, wasunsu ma Larabcinsu bai nuna ba. Dafa marisa, wato giyar dawa, wadda a da take ciyar da wasu gidaje, ta zama sana'ar da ke kai mutum ga bulala da kurkuku. Abin da ya rage shi ne sana'ar da kowace mace ta riga ta iya tun daga gida, wadda jarinta bai wuce buta da murhun gawayi da 'yan kofunan gilashi ba. Haka sittat al-shai, wato mata masu shayi, suka cika gindin itatuwan darbejiya da ƙofofin ofisoshi da tashoshin mota da asibitoci da jami'o'i da bakin kogi, daga baya kuma 'yan gudun hijirar Habasha da Eritiriya da waɗanda yaƙin Darfur na 2003 ya koro suka ƙaru a kansu.

Tsarin wurin mai shayi kusan iri ɗaya ne a duk faɗin biranen. Tana zaune a bayan wani ɗan akwati da aka jera kwalabe a kansa, na ganyen shayi da sukari da garin madara da kirfa da citta da kanumfari da na'a-na'a da hulba da zoɓo, wanda suke kira karkade, a gefenta akwai kanun, wato murhun gawayi, tana jefa turaren wuta a kai a kai, masu saye kuma suna zaune a kan bambar, wasu gajerun kujeru da aka saƙa da igiya. Da safe tana soya zalabiya, wato ƙananan ƙwallayen fulawa da ake barbaɗa wa sukari, domin ma'aikacin da ya fito daga gida kafin fitowar rana. Tana ba da bashi, tana riƙe saƙo, ta san wanda aka kora daga aiki da wanda ke neman ɗakin haya. A Kano ko Zariya mai shayi namiji ne mai teburi da burodi da ƙwai, kuma ba wanda ke ganin sana'arsa abin tuhuma ce. A Khartum kasancewar mai sana'ar mace ce, baƙuwa daga yankunan da ake raina, tana zaune a titi maza suna kewaye da ita, shi ya sa hukuma ta ɗauke ta a matsayin matsalar tarbiyya maimakon mai neman halaliya.

Gwamnatin Umar al-Bashir, wadda ta hau mulki a 1989, ta ba wannan kallo ƙarfin doka ta hanyar dokar laifuka ta 1991 da dokar tsarin zaman jama'a ta jihar Khartum ta 1996, tare da 'yan sanda da kotuna na musamman. Kalmar da masu sana'ar suka fi tsoro ita ce kasha, wato samame, inda ake kwashe buta da murhu da kujeru a zuba a mota, a ci mace tara kafin ta karɓi kayanta, idan ma ta same su. A watan Satumba na 2000 gwamnan Khartum, Majzub al-Khalifa, ya ba da umarnin hana mata aiki a gidajen mai da otal-otal da gidajen abinci, umarnin da ya jawo ƙara a kotun tsarin mulki aka dakatar da shi. Hukuncin da ya dace a yi wa wannan siyasa a bayyane yake: gwamnatin da yaƙe-yaƙenta suka raba matan da gonakinsu ita ce kuma ta riƙa cin su tara a kan abin da suka koma yi domin ciyar da 'ya'yansu, kuma jami'an da ke yin samamen su ma a gindin itacen suke shan shayinsu. A 1990 Awadiya Mahmud Koko, 'yar asalin Kordofan ta Kudu wadda ita ma mai shayi ce, ta jagoranci kafa ƙungiyar haɗin kai ta mata masu sayar da shayi da abinci domin su sami rajista da lauya da murya ɗaya, ta yi shekara huɗu a kurkuku saboda bashin da ya hau ƙungiyar, sannan a 2016 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ba ta lambar yabo ta mata masu jarunta. A zaman dirshan da aka fara ranar 6 ga Afrilu, 2019, a gaban hedkwatar soja domin neman saukar al-Bashir, ita da mambobinta suna cikin masu dafa wa dubban jama'a abinci, kuma masu shayi suna cikin waɗanda aka ci zarafinsu da aka tarwatsa zaman ranar 3 ga Yuni. An soke dokar tsarin zaman jama'a a watan Nuwamba na wannan shekara.

Taliya ta bi wata hanyar. Wadda ta zauna a al'ada ita ce sha'iriyya, siririyar taliya da aka sani a Masar da Sham da ƙasar Turkawa, tare da 'yar'uwarta suksukaniyya, wadda ake murzawa ƙanana kamar ƙwayar hatsi. Kafin zuwan ta leda mata ne ke taruwa su kwaɓa fulawa su murza da hannu, ko su matsa ta a ƙaramin injin da ake juyawa, su shanya a kan igiya ko gado, kusan yadda ake yin taliyar Hausa a Kano. Inda suka rabu shi ne wurin ci, domin ta Kano da manja da yaji ake cin ta, ta Omdurman kuwa ana soya ta a mai har ta yi ja, a zuba ruwa daidai yadda za ta shanye, a sa sukari da man shanu, a ɗora ta a kan babban faranti tare da wake da sauran abinci a lokacin fatur, wato kalacin hantsi, musamman ranar Juma'a. Tana da matsayi a fatur al-aris, wato kalacin ango, wanda uwar amarya ke aika wa gidan surukai, inda yawan kayan da ke cikinsa ke nuna darajar gida. Makaroni da miyar tumatir da nama sun shigo ta hannun Girkawa da Italiyawa da Masarawa na Khartum, shorba kuma, wato romo, a kan ƙashi da nama aka san ta. Taliyar gida dai ta tsaya a ɓangaren kayan zaƙi, kusa da kofin shayi amma ba a cikinsa ba.

Bayan taliya akwai babbar maganar alkama. Burodi ya fara danne kisra a birni ne saboda ya fi sauƙi ga ma'aikaci da ɗalibi, ba ya buƙatar mace ta tsaya a kan wuta, sannan alkamar tallafi ta Amurka da aka riƙa kawowa daga shekarun 1960, wadda ta ƙaru ƙwarai a zamanin Numairi, tare da rangwamen da gwamnati ke yi a kan fulawa, suka sa ya fi dawa araha a ƙasar da dawa ce ke yi mata kyau. Yunƙurin farkon shekarun 1990 na noma alkama mai yawa a Gezira bai cike gurbin ba, domin zafin yankin yana rage amfanin gona, matsalar da masu bincike na Jami'ar Tottori ta Japan suka yi aiki a kanta tare da takwarorinsu na Wad Madani don samar da iri mai jure zafi. Kuɗin man fetur ya rufe wannan rauni na ɗan lokaci, manyan injinan niƙa irin su Sayga, wanda aka kafa a 1996, suka cika kasuwa da fulawa da taliyar leda, taliyar nan mai saurin dafuwa da Momofuku Ando ya ƙirƙira a Japan a 1958 ita ma ta iso da sunan Indomie, ta zama abincin yara da ɗalibai. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle ranar 9 ga Yuli, 2011, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man, kuɗin sayen alkama ya yi ƙaranci, kuma tashin farashin burodi daga fam ɗaya zuwa uku ne ya tayar da zanga-zangar Atbara ranar 19 ga Disamba, 2018, wadda ta kai ga faɗuwar al-Bashir ranar 11 ga Afrilu, 2019.

Girki marar nama shi ne mafi tsufa a cikin ukun, kuma shi ne aka fi rainawa. Mutanen Sudan masu son nama ne, karamci a wurinsu yanka ne, kuma Hausawan ƙasar, waɗanda suka taru a garuruwa irin su Maiwurno da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, da unguwar Ishash Fallata ta Khartum kafin a tashe ta, da agashe suka fi yin suna, wato tsiren da ake shafa wa garin ƙuli da yaji, ko da yake matansu sun shahara da godogodo, wani kunun gero mai kauri da ake sha da nono. Amma akwai masu barin nama saboda addini. Ƙibɗawan unguwar Masalma ta Omdurman suna azumin barin nama da madara da ƙwai fiye da rabin shekara, ciki har da kwana 55 kafin Ista da kwana 43 kafin Kirsimeti da mafi yawan ranakun Laraba da Juma'a, sannan akwai 'yan kasuwar Gujarat ta Indiya da suka fara sauka a Suwakin a ƙarni na 19 suka kafa gidaje a Omdurman, waɗanda da yawansu ba sa cin nama ko kaɗan. Waɗannan tsiraru ne, kuma girkinsu ya tsaya a cikin gidajensu.

Mafi yawan masu cin abinci marar nama rashi ne ya sa su, kuma fasahar da suka fitar ta cancanci a jera ta da ta gidajen ibadar Japan. Hamid Dirar na Jami'ar Khartum, a littafinsa na 1993 a kan abincin gargajiya da ake ruɓarwa a Sudan, ya bayyana yadda matan Darfur da Kordofan ke yin kawal daga ganyen tafasa: a daka ɗanyen ganyen, a danna shi cikin tulu, a binne tulun a ƙasa a wuri mai inuwa kimanin mako biyu ana buɗewa ana juyawa, sannan a dunƙula shi a shanya. Abin da ke fitowa yana da wari mai ƙarfi da sinadarin gina jiki da ya kai kimanin kashi 20 cikin ɗari, kuma yana ba miya ɗanɗanon nama. Akwai furundu da ake yi da 'ya'yan zoɓo, wanda shi ne daddawar batso a ƙasar Hausa, da sigda da ake yi da tunkuzar riɗi. Aikin da waɗannan ke yi a tukunya shi ne aikin da miso, wato ruɓaɓɓen waken suya, yake yi a Japan, sai dai miso ya sami masana'antu da littattafai da kasuwar duniya, kawal kuwa ya shigo Omdurman da 'yan gudun hijira, 'yan birni suna toshe hanci suna kiran sa abincin mutanen yamma. A cikin birnin kansa abincin kowa shi ne ful, wani faffaɗan wake da ake nomawa a arewa, ana dafa shi dare guda a babbar tukunya mai ƙaramin baki, a murƙushe da man riɗi, sai adas, wani ƙanƙanin wake, da ta'amiyya mai kama da ƙosai, da salatin tumatir da dakwa, wato markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Wanda kuɗinsa bai kai ful ba yana cin bosh, wato gutsattsarin burodi da aka jiƙa da ruwan dahuwar waken aka yayyafa masa mai, abincin ɗalibai da leburori da ake ci a kwano ɗaya.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojojin gwamnati da dakarun kar-ta-kwana na RSF ya tsayar da masana'antun Bahri, aka wawashe da yawansu aka ƙona wasu, miliyoyin mutane suka bar biranen uku, masu shayi da dama suka ɗauki butocinsu zuwa Port Sudan da Atbara da Kassala da Alƙahira. Waɗanda suka rage sun rayu ne a kan takaya, wato ɗakunan girki na unguwa da matasa 'yan sa kai suka kafa bisa tsohuwar al'adar zawiyoyin Sufaye ta ciyar da baƙo da almajiri, da kuɗin da 'yan ƙasar mazauna waje da ƙungiyoyin agaji ke aikowa ta waya. Abin da ake rabawa adas ne da ful da shinkafa da balila, wato dafaffen hatsi ko wake, wani lokaci da shayi da zalabiya da safe, kuma da yawa daga cikin ɗakunan sun rufe a farkon 2025 da Amurka ta dakatar da tallafinta. A watan Maris na 2025, watan da sojoji suka karɓe tsakiyar Khartum, gwamnatin Sudan ta hana shigo da kaya daga Kenya saboda taron da RSF da ƙawayenta suka yi a Nairobi, kuma shayi ne kan gaba a cikin kayan da hanin ya shafa.